Naman Gwangwanin Burma

"Ina kwana, maciyin ɓera? Ashe da sauran numfashi!"

Da haka Kapambwe ya faɗo ɗakin Jere a garin Kabwe na ƙasar Zambiya. Kwana biyar ke nan tsoho Jere bai kai loma baki ba, tun da aka binne matarsa, har 'yarsa Misozi ta gaji da lallashi ta aika a kira abokin wasansa. Kapambwe ɗan ƙabilar Bemba ne, Jere ɗan Ngoni, ƙabilun da ke wasa da juna suna kuma haƙa wa juna kabari, kuma tare suka yi yaƙin Burma. Kapambwe ya ga yadda Jere ya rame, amma ya dake.

"Wa ya buɗe wa maciyin biri ƙofa?" in ji Jere, fuskarsa na bango.

"Awo na zo yi. Tunda mu ke haƙa muku kabari, gara in san tsawonka. Amma ka daure sai bayan damina, bayana na ciwo."

"Rago! Ko ramin ɓuya a Burma ni na haƙa maka."

"Ka haƙa, ka riga ni shigewa!"

Kapambwe ya zaro gwangwanin nama daga aljihun kwat, irin mai ɗan mabuɗi a gefe, ya shiga murɗawa a hankali.

"Shago huɗu na zaga kafin in samu irin namu."

"Fitar mini da wannan masifa! Shekara biyu muna cinta safe da yamma. Ko alfadarinmu da ya sansana kauda kai ya yi."

"Shi ya sa ka cinye rabonsa. Kwantar da hankalinka, ba naka ba ne. Misozi, amaryata, kawo tuwo!"

Ya kai yatsa zai ɗebo. Jere ya juyo.

"Haka za ka ci? Da sanyinsa? Shekara talatin da biyar ba ka waye ba! Da albasa ake soyawa."

"Ɗan ƙauye zai koya mini?"

"Misozi, karɓe! Ki sa barkono," in ji Jere.

Da ta kawo, Jere ya tashi zaune, wai gishiri kawai zai ɗanɗana. Loma ɗaya, biyu, biyar. Kapambwe ya mayar da ido taga, yana goge fuska da hula, ya ce hayaƙin albasa ne.

Ko da ya waiwayo, kwano fes.

"Wannan ne ɗanɗanon 'yan Ngoni? Ɓarawo!"

Dariya ta kuɓuce wa Jere har da tari, ta farko tun ranar jana'iza.

"To, na ji, ka yi nasara. Gobe ka zo da biyu, wataƙila ka samu loma."