Hoton Innata a Shafi na Arba'in da Bakwai

Zuwa ga Mai Girma, Shehun Malami, Shugaban Kwamitin Zaɓen Littattafan Darasin Ɗa'ar Likitanci,

Ranka ya daɗe, ka taɓa buɗe littattafan nan da kuka zaɓa wa ɗalibai, ko bangonsu kawai ya burge ka?

Bayan gaisuwa irin ta jahili ga masu ilimi, ni ne mai fotokwafin nan na bakin ƙofar jami'a. Ban taɓa zama a ajinku ba, amma duk takardar da ta bi ta injina sai na karanta ta. Ga 'yan koke-kokena.

Na ɗaya. An kawo mini karatun bana in buga kwafi ɗari biyu. Littattafai biyar ne, duk 'yan kwamiti suka rubuta. Ku kuwa shida ne. Allah ya ba na shidan haƙuri, ya hore masa alƙalami kafin baɗi.

Na biyu. Babin sirrin majinyaci na littafinka ya yi daɗi, wallahi har na haddace inda ka ce jikin mara lafiya amana ne. Ina juyawa zuwa shafi na arba'in da bakwai sai ga mace kwance, ba riga, an ja mata baƙin layi a ido. Wa ya gaya muku da ido kaɗai ake gane mutum? Tabon ƙunar da ke kafaɗarta fa? Ɗan kunnen da ni na saya mata fa? Innata ce, ranar da aka yi mata aikin nono a asibitinku.

Na uku. A ƙasan hoton an rubuta wai da yardarta. Na tambaye ta. Ta ce an dangwala mata yatsa a takardu barkatai tana kan gadon da ake tura marasa lafiya, allurar barci ta fara ɗibarta. In wannan ce yarda, to wanda aka yi wa sane yana gyangyaɗi a mota ma kyauta ya bayar.

Na huɗu, wanda ya fi ci mini rai. Ƙanwata tana ajin, darasin kuma dole ne. Ƙawayenta sun san gidanmu, sun san Inna. Ta rantse gara ta maimaita shekara da ta zauna Litinin ana nuna ƙirjin uwarta da tsinken alli. Ni da nake gyaran injin da hannuna don in tara kuɗin da za ta gama karatu, kana ganin zan zuba ido?

Kwafinku suna nan, daga shafi na arba'in da shida sai na arba'in da takwas. Kada a zargi injin.

Wasiƙar nan kuwa sau biyu na karanta wa Inna, idonta biyu, kafin ta ce in liƙa a allon sanarwarku. A babinka na koyi haka.

Kada a kira ni ofis a ba ni kujera mai laushi. A cire hoton kafin Litinin, sannan ka amsa a kan allon sanarwar nan, da sa hannunka: wa ya riƙe kyamara, wa ya riƙe yatsanta?

Naka mai biyayya har ƙasa,
Mai Fotokwafi, shago na uku daga ƙofa