Yadda Za Ka Samu Makwanci a New York ta Hannun Kyanwa

Ka shigo New York da akwati ɗaya da aljihu mara nauyi, kana neman inda za ka sa haƙarƙarinka kafin ka samu gindin zama? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin gado mai laushi ba ka biya ko sisi ba. Wendell Haskins ya bi su a kan idona, kuma saura ƙiris su yi masa aiki.

1. Ajiye girman kanka a tasha

Wendell ya zo daga Ohio, an ɗauke shi gwajin wata uku a kicin ɗin wani gidan abinci. In ya kai ƙarshe, aiki nasa ne. In ya rasa wurin kwana, sai gida. Ɗakin farko da aka nuna masa a Brooklyn ma'ajiyar tsintsiya ce da aka rataya wa labule.

"Ina taga?" in ji shi.

Mai ba da hayar ta dube shi sama da ƙasa. "Taga kuma? Kai baƙo ne, ko?"

2. Daina neman ɗaki, nemi kyanwa

Mutanen garin nan ba sa saukar ɗan Adam don Allah. Amma in mai kyanwa za ta yi tafiya, gidan gaba ɗaya za ta bar maka kyauta, don kada 'yar lelenta ta yi kaɗaici. Kada kanka ya kumbura. Ba don kai aka yi ba.

3. Ci jarrabawa gaban ainihin mai gida

Madam Corinne, wata tsohuwa mai kyanwa da za ta gudu Florida har sanyi ya wuce, ta ce wa Wendell, "Zauna ƙasa, ɗana. Clementine ba ta son a fi ta tsawo."

Wendell, ƙato da gemunsa, ya zube. Kyanwar ta shinshina takalminsa, ta juya masa baya.

"Ta amince," in ji Madam. "Haka take yi wa kowa, har ni."

Lura: kada bakinka ya kuskura ya ce "dabba". Ce "'yarki".

4. Aika hoton baƙin ciki kullum

Ajiye kyanwar a bakin ƙofa, ka ɗauke ta tana zumɓure-zumɓure, ka rubuta, "Tana kewarki." Abin da aka ɗauke ka yi ke nan. Sauran duk shara ce da wanke kwano.

5. Kada ka iya aikin

Nan Wendell ya tafka wautarsa. Irin tarbiyyar garinsu ce ta cuce shi: an ba shi amana, wai sai ya riƙe. Yana kawo mata gutsuren kifi daga kicin, yana taje mata gashi, yana ba ta labarin yadda shugaban kuku ya zage shi. Kyanwar da ba ta taɓa hawa cinyar kowa ba ta koma barci a ƙirjinsa. Gogan naka ya ɗauki hoto ya aika, yana jiran godiya.

Sai ga waya.

"A ƙirjinka take kwana?"

"Kullum, Madam. Har minshari take yi."

"Tun tana jaririya nake ciyar da ita. Ni ko sau ɗaya. Jibi zan dawo. Ka bar makulli wurin mai gadi."

"Madam, ki rufa mini asiri. Saura wata ɗaya in gama gwajin."

"To 'yar taka ta kama maka ɗaki mana."

6. Nemi kujerar gefen taga a motar Ohio

Wendell ya jarraba ma'ajiyar tsintsiyar nan, ya tarar an ba wasu mutum biyu. Ya koma gida ba aiki, rigarsa duk gashin kyanwa, kuma wallahi kewarta ta fi damunsa fiye da aikin. Ban ga sakarai irinsa ba, ban kuma ji tausayin wani kamarsa ba.

A sani: in ka bi matakan nan aka watso maka kaya kan titi, ba ruwana, ban san ka ba, kada ka nemo gidana don ni ma raɓe nake wurin wani kare. Madam Corinne dai za ta sake tafiya baɗi, kuma tana cigiyar mai raino. Sharaɗinta ɗaya ne: wanda Clementine ba za ta so ba.