Mai Buhu

Ranar da Hajiya Rabi ta kira ni daga Gwarzo in duba kwamfutocin shagonta na rajistar jarrabawa a Kabo, sabon ilimi na cin kaina. Saƙon kwamfuta yana bin waya ne ƙunshi-ƙunshi, kowanne ba ya wuce awo dubu ɗaya da ɗari biyar. Na ce wannan ƙauyanci ne, na mayar da shi dubu tara.

"Hajiya, ina dalilin jigilar dawa da kwano, ga buhu?"

"Allah ya ƙara basira, Injiniya," in ji ta.

Ashe tsohon akwatin da ke raba wayoyin ba ya karɓar buhu, zubarwa yake. Ga ɗalibai a layi, ranar rufe rajista, hoton kowa ya ƙi tafiya. Na zagi kamfanin sadarwa, na hure wayoyi da baki. Bayan azahar na lallaɓa na mayar da kwanon. Nan take aiki ya kankama, ɗalibai suka ɓarke da tafi, ni kuwa na karɓa har da ɗaga hannu.

Hajiya kaɗai ta ga abin da na taɓa. Har yau in ta kira ni gyara, sai ta ce, "Mai Buhu, don Allah da kwano za ka taho."