Rigar Ɗan Maigadi

Ba zan taɓa mantawa da ƙaramar sallar da na kai jikana Bashir gidan surukaina a Rusaifa ba. Su haifaffun Makka ne, mu kuwa zuwa muka yi, kuma ba sa bari mu manta. Shi ya sa na rantse yaron nan zai shiga gidan da shigar da za ta rufe musu baki.

Wata tsohuwar jarida ce ta ja min, wadda na shimfiɗe ƙasan akwatina da ita tun zamanmu na unguwar Jarwal. Akwai zanen ban dariya a ciki, yara biyu a ƙofar wani katafaren gida. Ɗaya da guntun wando, gwiwa a waje. Ɗayan da doguwar riga mai ratsi-ratsi har ƙasa, ga hula. Ban yi boko ba, amma ai ina da ido. A garinmu wanda yadi ya wadata shi ne ɗan masu hali.

Na kai wa tela takardar, na dangwala yatsa na ce, "Irin ta ɗan attajirin nan za ka ɗinka wa angona." (Ya dube ni, ya yi shiru. Har gobe ban yafe masa ba.)

Muka shiga falo, Bashir na jan riga, ni ina takun ƙasaita. Sai Hajiya Safiya, uwar matar ɗana, ta dafe ƙirji.

"Ya salam! Wallahi ɗan bawwab! Wanda muke gani a jarida muna yara!"

Na ce, "Ɗan wa?"

"Ɗan maigadi, Hajiya. Mai guntun wandon ne ɗan masu gida. Mai doguwar rigar nan aikensa ake yi sayo burodi."

Falo ya kece da dariya, wata har da ɗaga waya tana ɗaukar hoto. Bashir ya ja mayafina, ya kira ni yadda 'yan Makka ke kiran kaka. "Sitti, mu tafi gida."

Ni? In tafi? Na zauna daram na ce, "To a gaida attajirin da ya kasa rufe wa ɗansa gwiwa." Na shanye gahawata, kunnuwana na zafi.

Har yau ina kan bakana, wanda ya yi zanen nan bai san arziki ba. Sai dai yanzu ba na kai wa tela takarda sai Bashir ya karanta min ita. Rigar kuwa, rigunan matashi biyu ta fitar min, har da ragowa. Ai na faɗa muku yadi ne.