Rasuwar Goggo, Sabar Mangazar Vénissieux

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba da kai a sunkuye ba, Mutmainna Chaibou ta unguwar Minguettes tana sanar da 'yan uwa da abokan aiki na Lyon da Paris rasuwar Goggo, babbar kwamfutar nan, wato saba, da ta riƙe lissafin kayan mangazar Alhaji Sadisu, rumbun da ke raba wa kantuna kayan abinci, tun Mutmainna tana 'yar makaranta. Ita ce Goggon da aka ba Mutmainna, mai kula da ita, umarnin kashewa bara, ta ƙi.

Wanda ya ba da umarnin shi ne Malam Abdulrazak, shugaban sashen kwamfuta a babban biron kamfanin da ke Bobigny. Ya ce zamanin renon inji guda kamar ɗan fari ya wuce. Yanzu manhaja cikin kwantena ake zuba ta: ƙananan akwatuna da ido ba ya gani, kowanne ɗauke da duk abin da yake bukata, in ɗaya ya faɗi wani ya tashi a madadinsa nan take. Mutmainna ba baƙuwarsu ba ce, a kansu ta rubuta kundin gama jami'a a Bron. Ta gwada yadda ya ce. Da gangan ta kashe kwantenar da ke karɓar odar kantuna, sabon akwati ya tashi fes, lafiya lau, bai san kowa ba. Shinkafar da Hajiya Fatsima mai kanti ta nema da safe, ko labarinta bai taɓa ji ba.

Sai ta ce shafin talla a kai shi kwantena yau ɗin nan, ba ta da ja. Amma lissafin kaya ba za ta ɗora shi kan mai mantuwa ba, sai an gina masa ma'ajiya a waje an gwada ta. Malam ya ce ba lokaci, kuma kamfanonin da suka fi su girma a kan kwantena suke, ko ita, da ba ta wuce sa'ar ƙanwarsa ba, ta fi su karatu ne? Ta ce su ma ai sai da suka gina ma'ajiyar. Ya ce ta yi abin da aka sa ta. Ta ce ba dai da hannunta ba.

Marigayiyar mai haƙuri ce, mai riƙon amana. Ba ta taɓa manta buhun gero ko jarkar manja ba. Ta zauna a ƙuryar mangaza tsakanin katan-katan na kuka da yaji, ta shaƙi abin da ta shaƙa ba ta yi ƙorafi ba. Da safe gaisuwarta ɗaya ce, tiit, ba ta tambayar gida da yara. In aiki ya yi yawa sai a ji ta tana ƙas-ƙas-ƙas, kamar tsohuwa mai tsince shinkafa a faifai. Tana da nawa wajen aiki, ba za a ɓoye ba. Direbobi sun sha zaginta, ita kuwa sai ta gama abin da take yi.

Jinyarta ta yi tsawo. Fankarta ta fara mutuwa, sannan faifan ajiyarta guda. Bobigny ta ce ba za ta sayi kayan gyaran abin da ta riga ta yanke wa hukunci ba. Mutmainna ta bi masu sayar da tsofaffin kaya, ta ɗauko su a jaka cikin metiro. Aka daina kiranta taro. Aka sa mata suna mai jinya, ta ji, ta amsa. Kowace yamma tana kwafe lissafin ta adana kafin ta tafi gida, kowane wata tana sake neman a gina ma'ajiyar, ana ce mata za a duba.

Ajali ya zo ranar Laraba bayan azahar, cikin zafin nan da ya dafa Lyon, ana jajibirin Babbar Sallah, kamyoyi, manyan motocin ɗaukar kaya, sun yi layi a ƙofa. Goggo ta yi huuu mai tsawo, ta yi ƙas sau ɗaya, ta yi shiru. Mutmainna ta danna, ta sake dannawa, ta kira ta da sunanta a gaban direbobi. Tiit ɗin bai zo ba.

Lissafi bai ɓace ba, ko layi ɗaya. Amma mangaza ta tsaya, kantuna da yawa suka yi Sallah ba kaya. Mutanen Bobigny suka sauko, suka kai komai kwantena, suka gina ma'ajiya a waje, irin wadda ta nema tun farko. Gaskiya ba ta da zafin faɗa: kwantenonin suna aiki, kuma sun fi Goggo sauri. Suna mutuwa suna tashi a wuni guda, ba wanda ke da suna, ba wanda ake yi wa ta'aziyya. Malam Abdulrazak ya yi gaskiya kan tsufan Goggo, Mutmainna ta yi gaskiya kan mantuwar kwantena. Alhaji Sadisu ya ce wa Mutmainna na ji, 'yata, amma a cikinku ɗaya ne shef, wato shugaba.

Marigayiyar ta bar na'urar buga takarda, wadda har yanzu ita kaɗai take nema, da batir ɗin da ke tallafa mata in wuta ta ɗauke, da fankar tebur da aka aro daga ɗakin mahaifiyar Mutmainna. Ba ta bar magaji ba.

Za a wanke faifanta ranar Asabar da hantsi, a goge sirrin mutane kamar yadda ya dace, sannan a kai ta wurin karɓar tsofaffin injuna na Vénissieux a bayan motar Rachidou, kawun Mutmainna. Za a karɓi gaisuwa a gida, hawa na tara. Lif ya lalace, a yi haƙuri. Masu zuwa da “ai mun faɗa miki” su bar shi a ƙasa tare da takalmansu.

Kada kowa ya nemi Mutmainna a mangaza. Kwantiraginta ya ƙare ƙarshen wata, kuma an sanar da ita ba za a sabunta shi ba. Ta rasa Goggo, ta rasa aikin. Da za a sake ba ta umarnin nan gobe, amsarta tana nan yadda take.