Saurayi Mai Keke Biyu

Ina cikin yanka katako ƙanin Kundi ya leƙo shago ya ce, "Yaya, amininka ya cika." Na ajiye zarto na zauna a ƙasa, hawaye na zuba. Allah ya jiƙan Kundin Tarihi, mai askin da bai taɓa gama kai ɗaya ba sai ya sake buɗe gadar garinmu da bakinsa.

Babban mutum ne, shi da kansa ya sha faɗa. Shekara hamsin yana shaida wa duk wanda ya shiga hannunsa cewa ranar buɗe gada, masu ɗaukar fim ɗin labarai shi suka fi haskawa. "Manya na yanka ƙyalle, ni ina damansu. Har mai kyamara ya roƙe ni in gyara tsayuwa." Wa zai yi musu da wanda ya ɗora masa aska a wuya?

Bara sai ga wata malamar jami'a da fim ɗin a kwamfuta, tana neman tsofaffin da suka halarta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kundi ya rufe shago, ya ci ado, ya tara 'ya'ya da jikoki. "Yau za ku san waye kakanku!"

Fim ɗin minti uku ne. Malama ba ruwanta da manya. Gefen taro take tsayar da hoto, tana duba masu takalmi da marasa shi, da abin da mata suka ɗauko a ka. Sau huɗu aka kalla, ko inuwar Kundi babu. Can ta nuna wani siririn saurayi a bakin hanya, baki sake, riƙe da keke biyu. Ni ne.

"Keke biyu a wancan zamani?" in ji ta. "Haya yake bayarwa?"

Na san amsa. Awa uku muka yi a rana, Kundi ya ɗirki ruwa, ana gab da yanka ƙyalle fitsari ya matse shi, ya miƙo min kekensa ya zaga bayan gini. Jikoki suka zuba masa ido. Na buɗe baki zan faɗa, na dube shi, na fasa.

Ya miƙe ya dangwala yatsa a kan hoton. "Rubuta, malama, na hagun nawa ne. Babba ba sai ya je da kansa ba, wakili ya isa."

Ta kuwa rubuta.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi a asibiti, ya kori kowa sai ni, wai zai yi wasiyya. Ya jawo ni kusa.

"Kafinta, da na daure minti biyar fa..."

"Da jikokinka sun ga jiƙaƙƙen wando."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Riƙe bakinka sai na tafi. Bayan nan ka faɗa, amma ka ce keken sabo ne fil."

"Kundi, ai na aro ne."

Ya lumshe ido. "Kai dai har ka mutu ba za ka iya tarihi ba."