Yadda Latas Ya Hana Ni Kujerar Manya

Ni da ko miyar kuka ba na sha sai da ƙashi, da za mu tafi aiki ƙasar waje na zaɓi abincin marasa cin nama a jirgi, don kawai in ga me ake ba su.

A ƙofar jirgi aka ce baya ya cika, za a mayar da wasu wajen manya. Aka kira abokin aikina Bitrus. Na gyara hula.

Ma'aikaciyar jirgin ta ce, "Oga, kai kam haƙuri. Abincinka na musamman ne, yana kujerarka ta baya."

Na ce, "Ina cin nama! A tambayi mai tsiren unguwarmu ta Romi!"

Bitrus ya ci kaza a wajen manya, da muka dawo gida ya baza labari. Har yau mai tsiren in ya hango ni sai ya ce, "Malam Zomo, kabeji kawai za a zuba?"